Tsuntsayen da Lado Ya Ƙirga

Malam Lado ba masoyin tsuntsaye ba ne. Gara in fara da wannan, don duk wanda na ba labarin nan sai ya ɗauka wani mai taushin zuciya ne da ke hawaye idan an harbi kurciya. Ko kusa. Mutumin wani ƙauye ne a fadamar Nguru, kuma rabin ƙuruciyarsa a kan dandamali ya yi ta a tsakiyar gonar shinkafar ubansa, yana kaɗa gwangwani yana ihu har muryarsa ta dishe, tsuntsayen jan-baki kuwa su ci rabonsu su yi gaba. Ya taɓa ce min da za a tara tsuntsayen duniya a tukunya ɗaya, shi zai kawo itace.

Ni sunana Absalom, daga Kagoro nake, shekarata tara a Doha. Ina aiki a wani kamfani a Al Sadd, irin waɗanda ake ba kwangila su duba wuri kafin a yi babban gini, su rubuta rahoto a kan abin da ginin zai yi wa ƙasa da ruwa da duk abin da ke rayuwa a wurin. Aikina shigar da bayanai a kwamfuta da zana taswira. Lado kaɗai ke ce min Injiniya, shi ma don ya san abin yana ba ni haushi ne.

Gadi ne ya kawo shi ƙasar nan. Shekara huɗu yana tsaye a ƙofar wani babban kanti a Al Gharrafa, awa goma sha biyu kullum, har ƙafafunsa suka fara kumbura. Daga nan wani ɗan garinsu ya sama masa aiki a wani ƙaramin filin jirgi a bayan gari. Da ya tambayi ko wane irin aiki ne, aka ce masa korar tsuntsaye. Ya ce dariya ya yi har da riƙe ciki: ya sayar da kwalekwalensa, ya bar mata da 'ya'ya, ya tsallako teku, ashe aikin gonar ubansa zai zo ya tarar, sai dai yanzu da mota da jiniya maimakon gwangwani. A can ne ya ga abin da ya ƙi fita daga ransa. Wani jirgi yana cikin tashi ya haɗiye tarin tsuntsaye, da ƙyar ya juyo ya sauka da inji ɗaya. Lado yana wurin aka buɗe injin. Ya ce ƙarfen ya dagargaje kamar raken da aka tauna, ga ƙaurin gashi ya cika wuri, sannan ya ga fasinjoji suna saukowa, wata mata ta durƙusa a kan kwalta ta kasa tashi.

Da ya samu lasin tuƙi sai ya dawo kamfaninmu direba. Lokacin ya kusa shekara hamsin, siriri, mai taurin kai, yana musu da muryar matar nan da ke nuna hanya a waya, wai ita ba ta taɓa riƙe sitiyari a Doha ba. A nan ni ma ranar Juma'a nake zuwa coci, don ita ce ranar hutu. Idan ya sauko daga masallaci, na taso daga sujada, sai mu haɗu a Corniche, wurin shan iska na bakin teku, da la'asar, mu sayi shinkafa da kaza mu zauna a ciyawa muna kallon jiragen ruwan katako, hannu biyu a faranti ɗaya. Da a gida ne, Allah kaɗai ya san ko za mu taɓa gaisawa. Lokacin da aka kwantar da ni asibiti saboda tsakuwar ƙoda, kwana shida yana kawo min kunu a fulas, shi ne kuma ya riƙa kiran matata Roseline a Kaduna yana kwantar mata da hankali.

Shekara biyu da suka wuce kamfaninmu ya samu aiki daga wata ƙasa ta bakin teku. Ba zan faɗi sunanta ba, mun sa hannu a takardar riƙe sirri. Suna so su gina ƙaton filin jirgi, irin wanda jirage daga kowace nahiya za su riƙa sauka, fasinja su sauya jirgi su wuce. Wurin da suka zaɓa shi ne inda wani kogi ke zuba a teku. Idan teku ya ja baya sai taɓo ya buɗe iya ganinka, idan ya dawo ya rufe shi. Shirinsu su cike wurin da yashi da duwatsu, su shimfiɗa titin saukar jirage a kai.

Ofishinmu ya rabu biyu tun kafin a taka wurin. Mudir, wato shugaban ofis, da injiniyoyinsa suna ganin babu inda ya fi nan. Ba gidan kowa za a rushe ba, jirgi zai sauka ta kan ruwa kowane lokaci ba wanda zai ce ƙara ta dame shi, ga aiki ga dubban mutane. A ɗaya ɓangaren akwai wata Baturiya masaniyar tsuntsaye da muke kira Dakta. Ita ta ce ruwa zai cinye wurin wata rana, masunta za su rasa inda kifi ke hayayyafa, uwa uba ga tsuntsaye. Mudir yana da wani dalilin kuma da ba a faɗarsa a mitin: idan rahotonmu ya ce a ci gaba, kashi na biyu na aikin namu ne, har shekara uku.

Gardamar har Corniche ta bi mu. Ja'afaru, wani mai gadi da muke zama tare, ya ce a gina, shi ne zai fara kai takardar neman aiki. Na zaci Lado, mutumin fadama, zai tsaya wa ruwa da kifi. Sai ya suɗe yatsunsa ya ce, "A gina mana. Tsuntsu ya nemi wani wuri. Ni ma ai neman wani wuri na yi." Ni kuwa na tsaya a tsakiya kamar yadda na saba, na ce kowa da gaskiyarsa.

A watan Janairu aka tura mu ƙidayar tsuntsayen wurin, mako uku. Aka tafi da Lado saboda ya iya mota a taɓo, ga shi ba ya wasa da kayan aiki. Manya suna kwana a otal a cikin gari, tafiyar awa guda. Ni da Lado muna kwana a kwantena a kan wani tudu, muna gadin na'urori. Dokar masu wurin ita ce ba a buɗe shingen shigowa sai bakwai da rabi, don haka Dakta ta tsara ƙidaya daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, sai kuma da yamma.

Rana ta uku, bayan ya idar da sallar asuba, Lado ya ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Injiniya, taso ka ga abu. Yalla, yi sauri kafin su wuce."

Na fito ina ƙunƙuni, da bargo a kafaɗa. Gari ya fara wayewa. Daga wani tsibiri can hannun dama sai ga waɗansu baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, kowanne ya kai girman agwagwa, suna tahowa a layi, layi bayan layi, ƙasa-ƙasa, sun nufi tsakiyar teku. Ba su da iyaka. Kuma hanyarsu ta ratsa daidai ta kan turakun da muka kafa da jajayen tutoci, inda titin jirgi zai kwanta. Minti arba'in suna wucewa. Da rana ta fito sama ta koma fayau. Kafin ƙarfe takwas, lokacin da Dakta ke kafa tabaraunta na hangen nesa, ba abin da ya rage sai ƙananan tsuntsaye masu tsince-tsince a taɓo.

Lado yana zaune a kan bonet, idonsa a sama, carbi a hannunsa yana ja. Na ɗauka zikiri yake yi, ban katse shi ba. Sai da na ƙarshe suka wuce ya zaro tsakuwoyi daga aljihu ya ƙirga, ya ce dubu talatin da ɗan wani abu. Na yi masa dariya, na ce ko aljanu ne suka faɗa masa. Bai ji haushi ba, ya yi min bayani. Yana saurayi, duk watan Janairu masu ƙidayar tsuntsaye sukan zo fadamarsu, shi ke tuƙa su a kwalekwale. A wurinsu ya koya: ka ƙirga hamsin ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe girmansu a idonka, sannan ka riƙa aza wannan girman a kan sauran. Su suna da wata 'yar na'ura da suke dannawa. Shi ba shi da ita, sai ya ɗauko carbinsa. Kowace ƙwaya tsuntsu hamsin. Idan carbi ya zagayo, ya ɗauki tsakuwa daga aljihun hagu ya sa a na dama.

Ban yarda ba sai da na gwada shi. Safiya biyu ina ɗaukar hoto da waya, in ce masa wannan layin nawa ne, ya faɗa, in rubuta. Da rana in buɗe hoton a kwamfuta in ƙirga ɗigo-ɗigon da kaina. Inda ya ce ɗari biyar na samu ɗari huɗu da tamanin da wani abu. Inda ya ce dubu ɗaya da ɗari biyu, nawa ya ɗara nasa kaɗan. Ina so a riƙe wannan: na sani. Ba ji na yi ba, da idona na tabbatar.

Na faɗa wa Dakta. Ta yi ta neman izinin shigowa da sassafe, ba a ba ta ba sai saura kwana ɗaya mu tafi. Ranar kuwa hazon teku ya rufe ko'ina, ko tutocinmu ba a gani. Muna jin ƙarar fukafukai a sama, ba mu ga komai ba. Ta ce in rubuta lissafin Lado duka in liƙa a ƙarshen rahoto.

Da muka dawo Doha ya zauna kusa da ni a ofis da ɗan littafinsa, rubutun ajami ne da lambobin Larabci, yana karantawa ina bugawa. Safiya goma sha takwas. Ƙidayar kamfani ba ta taɓa wuce dubu huɗu da 'yan kai ba. Tasa ba ta taɓa sauka ƙasa da dubu ashirin da biyar ba. Na sa har da hoton da na ɗauke shi a kan bonet, don a ga yadda ya yi aikin. Na tsokane shi na ce yanzu ya koma jam'iyyar Dakta ke nan. Ya ce shi har gobe ba ruwansa da tsuntsu, amma kar a ɗora jirgi mai mutum ɗari uku a kan hanyarsu, ya ga abin da suke yi wa inji.

A watan Maris aka yi mitin na ƙarshe kafin a aika rahoton. Mu goma sha ɗaya a ɗakin taro. Mudir ya haska hoton Lado a bango, ya tambaya ko wannan ƙidaya ce ko addu'a. Aka yi dariya. Dakta ta ce hanyar da ya bi sananniya ce, masana ma haka suke yi, amma ita ba ta gani da idonta ba, ba za ta iya sa hannu ita kaɗai ba. Idan akwai ma'aikacin da ya gani ya kuma gwada, ya sa hannu, lissafin ya zauna, sai a nemi a koma a sake ƙidaya da asuba. Duk suka juyo suka dube ni.

Mudir ya ce, a hankali, da murmushinsa: kana wurin, ɗan ƙasarku ne, za ka sa hannu cewa ƙirgawa yake yi?

A makon nan takarduna na ɗauko Roseline da yara suna kan teburinsa, suna jiran wasiƙar kamfani. Shekara biyu ina bin wannan wasiƙa. Bai ambace ta ba, kuma ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ni ne na tuna da ita. Sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Ni ba Musulmi ba ne. Ban san abin da suke yi da carbi ba."

Mudir ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya wuce zuwa batu na gaba. Dakta ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe littafinta.

Da na ce ban tabbata ba ne, da na ce hoton bai fito sosai ba, da tsoro ne kawai, kuma tsoro kowa ya san shi. Amma ni abin da na laluba na ɗauko shi ne abin da ni da Lado muka ajiye a gida muka taho, abin da bai taɓa zama tsakaninmu a kan faranti ba. Shi na ɓuya a bayansa, don na san a ɗakin nan ba wanda zai yi min musu. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta kama ni tun daga wuya.

Aka cire shafukan Lado. Bayan mako biyu aka ba shi takarda, wai ya sa kansa a aikin da ba nasa ba, ya kawo lambobin da ba su da tushe. Kwantiraginsa ya ƙare a watan Mayu, ba a sabunta ba. Ya yi ta neman wani kafil, wato ubangidan da zai tsaya masa ya samu izinin zama, amma wa zai ɗauki direba mai shekara hamsin da irin wannan takarda a bayansa? Ni na ce masa an ƙi yarda ne kawai, na bar shi ya ɗauka na yi iya ƙoƙarina. Ni na raka shi filin jirgi, na ɗaukar masa jaka. Ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka da alheri, in gaida Roseline idan ta iso.

Ta iso a watan Agusta, ita da yaran. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Dakta ta ajiye aiki kafin ƙarshen shekara. Rahoton ya tafi yana cewa haɗarin tsuntsaye matsakaici ne, za a iya shawo kansa. A can ƙasar har yanzu ba a yanke ba, ana ta ja-in-ja a jaridu, yau a ce za a fara ciko, gobe a ce masunta sun kai ƙara. Duk lokacin da masu son ginin suka yi magana sai sun ambaci dubu huɗun nan tamu. Ni na zana taswirar da ke ɗauke da ita. Na sha rubuta wasiƙa in faɗi abin da na gani, in karanta, in dubi yarana suna aikin makaranta a falo, in goge.

Watan jiya Ja'afaru ya dawo daga hutu da kwali ɗaure da igiya. Bandar kifi ce daga Nguru, Habibatu matar Lado ta aiko wa Roseline, wai a yi wa Injiniya miya. Roseline ta yi miyar kuka da shi, gidan ya ɗauki ƙanshi, na zauna na kasa kai loma baki. Ta matsa min, na faɗa mata komai, karo na farko. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwashe kwanukan ta ce in kira shi, in ba haka ba ita ba za ta iya dafa sauran kifin ba.

Washegari da rana na sauka ƙasan gidanmu, na tsaya a inuwa tsakanin motoci na kira shi. Ya ɗauka yana cikin ruwa, ina jin ƙarar gora tana bugun kwalekwale. Wani ya ba shi aron kwalekwalen, yana tsallakar da mutane ranar kasuwa. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambaya ko matar cikin waya tana nan tana ɓatar da mutane. Na ce Malam, akwai maganar da ban faɗa maka ba, ranar mitin ɗin nan an tambaye ni.

"Na sani," in ji shi. "Bangon ɗakin gilashi ne, Absalom. Ina zaune a waje ina jiran in kai Mudir gida. Na ga hotona a bango, na ga duk sun juyo sun dube ka, na ga ka ɗaga kafaɗa."

Ashe da wannan a ransa ya bari na raka shi har filin jirgi, ya riƙe hannuna, ya aiko min da kifi.

"Abin da ban ji ba shi ne abin da ka ce. Na sha tunani. Me ka ce musu?"

Na so in ce layi ya lalace. Na rufe ido na faɗa masa, kalma bayan kalma, ban rage komai ba.

Gorar ta daina bugawa. Ina jin wata mata a cikin kwalekwalen tana tambayarsa ko lafiya.

"To, ai gaskiya ka faɗa," ya ce daga baya, muryarsa ba fushi a cikinta. "Kai ba Musulmi ba ne. Sai dai ba shi suka tambaye ka ba, ƙanena."

Ya ce bari ya kai mutane gaɓa, rana tana dukan su.